Muhammadu al-Kashnawi, malamin lissafin da ya tashi daga Katsina ya rasu a Alƙahira

A shekara ta 1154 bayan Hijira, wato 1741 a lissafin Miladiyya, wani baƙon malami ya rasu a birnin Alƙahira na ƙasar Masar. Ya cika ne a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin sanannun malaman Azhar na wancan zamani, wanda ya ɗauki karatu a wajensa. Kafin rasuwar, baƙon ya damƙa wa mai gidan wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Mai gida ya binne shi a sashen malamai na maƙabartar Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Sunan baƙon Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi. Bafillace ne, mutumin ƙasar Katsina. Daga nan Matamaye, in mutum ya bi ta Ɗan Barto ya ratsa Daura, ko wuni ba zai yi a mota ba ya isa ƙasar da wannan malami ya fito. Duk da haka, da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunansa a cikin ƴan makarantarmu, alhali wani sashe na ilimin da ya karanta shi ne suke fama da shi yau a darasin lissafi.

Katsinar da ya tashi a cikinta

Cikakken sunansa na ɗauke da laƙabin al-Danrankawi, wanda ke danganta shi da garin Ɗan Ranko a ƙasar Katsina. Ya yi karatunsa tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, lokacin da Katsina ke cikin ganiyarta. Bayan da sojojin Maroko suka karya daular Songhai a 1591, fatauci da malanta sun ƙara karkatowa gabas, zuwa ƙasar Hausa da Barno. Ayarin raƙuma na sauka a Katsina daga Agadas, fatake na tafiya Gwanja ɗauko goro, littattafai da takarda kuma na shigowa tare da haja. Kafin zamaninsa birnin ya riga ya yi manyan malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667.

Mafi yawan abin da aka sani na rayuwar al-Kashnawi ya zo ne ta hannun ɗan mai masaukinsa, Abdurrahman al-Jabarti, shahararren marubucin tarihin Masar wanda ya ga shigowar sojojin Napoleon ƙasar a 1798. An haifi Abdurrahman shekara goma sha wani abu bayan rasuwar baƙon, amma ya tashi a gidan da littattafansa suke, ya kuma ba shi gurbi a cikin babban littafinsa na tarihi, Aja'ib al-Athar.

Malamansa

A cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, Bafillacen ƙasar Bagirmi, wadda yau take cikin Cadi. Shi ne mai littafin tauhidi al-Manhaj al-Farid da aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar nan. Akwai kuma Shehu Hashimu, da Muhammadu Fodi, wanda ya zauna da shi kusan shekara huɗu, a gida da kan hanya. A wajensa ya karanta adabin Larabci da nahawu da sarfu. Ya haddace Maƙamat har ta kai in an ambaci kalma guda sai ya kawo ta gabaninta ba tare da ya tsaya tunani ba, don haka malamin ya riƙa kiransa mai Maƙamat. Da ya ƙware a nahawu sai ya sauya masa laƙabi zuwa Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun Basra.

Wanda ya buɗe masa ƙofar lissafi shi ne Shehu Muhammadu Bindu. A wajensa ya ɗauki ilimin haruffa, da ilimin hatimi, da hisabi, da ilimin lokuta bisa hanyar malaman Magrib. Wannan na ƙarshe, wanda Larabawa ke ce wa miƙati, shi ne ilimin gane lokutan salla da alƙibla ta hanyar auna rana da taurari. A zamanin da babu agogo a hannun kowa, mai wannan ilimi shi ke faɗa wa ladan yaushe zai hau, shi ke faɗa wa magina inda za su juya masallaci.

Inuwar sanda da lokacin la'asar

Don a gane irin aikin, mu ɗauki misali daga garinmu. A mazhabar Malikiyya, la'asar na shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ƙara inuwar da ta rage masa da rana tsaka. Tsofaffin malamai kan auna wannan da sawu, suna ɗaukar tsawon mutum a matsayin ƙafa bakwai.

Matamaye na kan daraja 13 da ƴan kai arewa da layin da ya raba duniya biyu, kusan daidai da Katsina. Saboda haka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana na tsayawa daidai bisa kai, sanda ba ta da inuwa da rana tsaka. A waɗannan ranaku la'asar na shiga da zarar inuwar sanda ta kai tsawon sandar, wato lokacin da rana ke daraja 45 sama da ƙasa. A ƙarshen Disamba kuwa, cikin hunturu, rana na karkata kudu da kusan daraja 37. Sanda mai tsawon mita ɗaya na da inuwar santimita 75 da rana tsaka, don haka sai inuwar ta kai santimita 175 kafin la'asar ta shiga. A lokacin rana ta sauko zuwa wajen daraja 30.

To amma rana na tsayawa a daraja 30 sau biyu a yini: sau ɗaya da hantsi tana hawa, sau ɗaya da yamma tana sauka. Inuwar sandar tsawonta ɗaya ne a lokutan biyu, sai dai ta safe ta nufi yamma, ta marece ta nufi gabas. Tambaya ɗaya, amsa biyu, kuma ɗaya ce kawai la'asar.

Da'irar ƴan lakol da rubu'in malamai

Duk ɗalibin lise da ke shirin jarrabawar bak ya san wannan matsala, ko da bai san ta taɓa inuwa ba. Mushe kan zana da'ira a kan allo, ya ce a ɗauki tazarar da ke tsakanin cibiya da baki a matsayin ɗaya. An raba bakin gida 360, kowane gida daraja guda. Idan ɗigo ya tashi daga hannun dama yana bin bakin da'irar, tsayin da ya kai sama da layin tsakiya shi ake kira sinus, nisan da ya yi dama ko hagu daga cibiya kuma kosinus. In aka ce a nemo kusurwar da sinus ɗinta ya zama rabi, sai a ja layi kwance a rabin tsayi. Layin zai yanki da'irar a wuri biyu, a daraja 30 da daraja 150. Ɗalibin da ya rubuta 30 kaɗai ya bar rabin makinsa a kan tebur. In ɗigon ya ci gaba da zagayawa, bayan kowace daraja 360 amsoshin nan biyu za su sake dawowa, kamar yadda hantsi da la'asar ke dawowa kullum.

Lissafin la'asar ɗin Disamba a Matamaye ma da irin wannan tambaya yake ƙarewa. Idan aka haɗa tsayin rana da matsayin gari da karkatar rana, abin da ke fita shi ne kosinus ɗin kusurwar da ke tsakanin rana da tsakiyar yini ya kai 0,66, kusan biyu bisa uku. A kan da'ira, layin tsaye da aka ja a wannan wuri na yanka baki a daraja 49 ta sama da daraja 49 ta ƙasa. Duniya na juya daraja 15 a kowace awa, don haka daraja 49 ta kama kusan awa uku da kwata. Rana na tsaka a garin wajen ƙarfe 12 da minti 25 a wannan lokaci na shekara. Amsa ta farko ta faɗa wajen ƙarfe 9 da minti 10 na safe, ta biyu wajen ƙarfe 3 da minti 40 na yamma. Ta biyun ce ladan ke jira.

Masu ilimin miƙati na zamanin al-Kashnawi na yin wannan aiki da wani allo na itace ko tagulla da ake kira rubu'i, domin siffarsa kashi ɗaya ce cikin huɗu na da'ira. An raba bakinsa mai lanƙwasa daraja 90, gefunansa biyu miƙaƙƙu kuma kowanne gida 60, an ja layuka sun sarƙe kamar saƙar tabarma. Daga kusurwar allon zare ke saukowa da ɗan nauyi a ƙarshensa, da wani ɗan tsakiya da ake matsarwa a jikin zaren. Ana saita gefen allon da rana, inda zaren ya yanki baki nan ne tsayinta. In ya faɗa a daraja 30, aka bi layi zuwa gefe, sai a tarar da gida 30 cikin 60, wato rabi. Tunda allon ya tsaya a daraja 90, amsa ɗaya yake nunawa, mai aikin ne zai riƙe a kansa ko rana na gabas ko ta koma yamma. Littafin da aka fi koyon wannan allo da shi a Masar shi ne ɗan ƙaramin littafin Sibt al-Maridini, mai kula da lokuta a masallacin Azhar a ƙarni na 15.

Raba tazarar gida 60 gado ne daga mutanen Babila da Girka. Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rayu a Bagadaza daga baya ya rasu a 998, na cikin na farko da suka ɗauke ta a matsayin ɗaya, kamar yadda ake yi a lakol yau. Ita kanta kalmar sinus ta biyo doguwar hanya. Masana lissafin Indiya sun kira abin da sunan tsirkiyar baka, Larabawa suka ara suka rubuta shi da haruffan da ake iya karantawa jaib, ma'ana buɗin riga ko aljihu. Masu fassara zuwa Latin a ƙarni na 12 suka fassara wannan ma'ana da sinus. Daga al-jaib ɗin nan Hausa ta samo kalmar aljihu.

Hanyar Makka da zaman Masar

Da ya nemi izinin malaminsa, al-Kashnawi ya kama hanyar hajji. Tafiyar a lokacin ta shekaru ce, ana yi ana yada zango. Ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu. A wani zango ya yi wata biyar wajen wani malami yana karanta ilimin bugun ƙasa da wasu littattafan hisabi. Ya kuma rubuta labarin tafiyar tasa.

Ya yi aikin hajji a shekara ta 1142, wato 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci. A can ya fara rubuta babban littafinsa, al-Durr al-Manzum, a kan taurari da ɗalasimai, inda ya taƙaita wani tsohon littafi da ake dangantawa ga Fakhruddin al-Razi. Ya kammala shi a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146, a ƙarshen 1733.

Masar na ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkiyya a lokacin, kuma mutanen ƙasashenmu ba baƙi ba ne a cikinta, domin tun ƙarni na 13 alhazan Kanem suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira. Al-Kashnawi ya fara zama a unguwar Darb al-Atrak kusa da Azhar, daga baya ya koma gidan al-Jabarti. Ban da littafin taurari, ya bar waƙen mandiƙi mai suna Minah al-Ƙuddus tare da dogon sharhin da ya yi masa, da littafin nahawu Bulugh al-Arab, da littafin da ya fi jawo masa suna a wajen masana lissafi na yau, Bahjat al-Afaƙ, na shekarar 1732.

Lissafin da ke cikin hatimi

Bahjat al-Afaƙ littafi ne a kan haruffa da hatimi. Kowa a ƙasar nan ya taɓa ganin hatimi a kan allo ko cikin laya: gidaje ne a jere, kowanne da lamba ko harafi. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara. A layin sama 4, 9, 2. A tsakiya 3, 5, 7. A ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina aka tara, a kwance, a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Mai gida biyar sau biyar na ba da 65, mai bakwai sau bakwai 175.

Cika mai gida tara ba wuya, yaro ma na iya lalubowa. Mai gida 49 ko 121 kuwa lalube ba ya fid da shi, sai da ƙa'ida. Abin da al-Kashnawi ya tsara ke nan: hanyoyi daban daban na cika hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne, wato uku, biyar, bakwai, zuwa sama. A ɗaya daga cikinsu lambobi na tafiya irin tafiyar doki a wasan shaɗaranji, gida ɗaya gefe, gida biyu ƙasa. In lamba ta fita ta ƙasan hatimin sai ta shigo ta sama, in ta fita ta hagu ta shigo ta dama, kamar an naɗe takardar bakinta ya haɗu da baki. Tunanin da'ira ne ya sake dawowa: wanda ya wuce ƙarshe ya koma mafari, kamar yadda daraja 390 ke faɗawa inda 30 take.

Ya kuma yi bayanin ramzi, wato rubuta shekara da haruffa, abin da masu waƙoƙin ajami ke rufe waƙa da shi. A ƙidayar Magrib da malamanmu ke bi, harafin shinun dubu ne, ra kuma ɗari biyu, shi ya sa ramzin waƙoƙin zamanin Shehu Usmanu da yawa ke farawa da waɗannan haruffa biyu.

Gaskiya ita ce al-Kashnawi bai ware lissafi daga asiri ba. A wajensa da mutanen zamaninsa, a Katsina da Alƙahira duka, hatimi da taurari na da tasiri a kan al'amuran mutane, kuma don haka ya rubuta littattafan. Malamai da yawa, a da da yanzu, sun yi hani ga duba da ɗalasimai, kuma wannan na cikin abin da ya sa ba a cika ambatonsa a zaure ba. Sai dai ƙa'idar cika hatimi daidai take ko mutum ya yarda da asirin ko bai yarda ba, duk mai takarda da alƙalami na iya gwadawa. Haka lissafin inuwa, wanda salla kanta ke bukata.

Almajiri da magada

Hasan al-Jabarti, wanda asalin gidansu daga yankin ƙahon Afirka ne, ya ɗauki ilimin hatimi da lissafin haruffa da lambobi a wajen Bakatsinen. Ilimin falaki ya haɗa shi daga malamai daban daban, har ya zama wanda ake nunawa a Masar a wannan fanni. Ɗansa ya ba da labarin cewa wajen 1750 wani gwamna da aka turo daga Istanbul, Ahmad Pasha, mai son ilimin lissafi, ya tambayi manyan shehunan Azhar a kan fannin bai samu mai gamsar da shi ba, sai da aka kai shi ga Hasan. Gwamnan ya yi karatu a wajensa, ya sassaƙa agogunan rana a kan dutsen marmara, aka kafa ɗaya a Azhar don nuna lokacin la'asar da faɗuwar rana. A irin wannan gari, inda masu ilimin lissafi suka yi ƙaranci, mutumin da aka fi girmamawa a fannin ya zauna gaban malami daga Katsina, ya sauke shi a gidansa, ya kuma binne shi da hannunsa.

Littattafan al-Kashnawi sun zauna a Masar, daga can kwafe-kwafensu suka bazu. An buga al-Durr al-Manzum a Alƙahira a ƙarni na 20. Akwai kwafin Bahjat al-Afaƙ na rubutun hannu a ɗakin karatun makarantar nazarin Gabas da Afirka ta jami'ar Landan. A 1967 Hassan Gwarzo, malami daga Kano, ya wallafa nazari a Ibadan a kan bayanin ramzi da ke cikin aikinsa. A 1973 wata malamar lissafi ƴar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta sa hanyoyinsa na cika hatimi a cikin littafinta kan lissafin Afirka, daga nan sunansa ya shiga makarantun ƙasashen waje.

A gida kuwa, ɗan lise na zana da'ira da Faransanci, almajiri na haddace lokutan salla da Larabci, kowanne na ganin karatun ɗan'uwansa ba nasa ba ne. Yara da yawa na gudun ajin kimiyya da cewa lissafi kayan Nasara ne. Shekara kusan ɗari uku da suka wuce, mutum ɗaya daga ƙasar Katsina ya riƙe nahawu da mandiƙi da hisabi da miƙati tare, ya samo su a hannun malaman ƙasashen nan kafin ya taka Masar. Malamin lissafi a Matamaye ko Kance da ke son ɗalibansa su gane dalilin amsa biyu na iya fita da su filin makaranta da sanda mai mita ɗaya a watan Disamba, su auna inuwa da ƙarfe tara na safe, su dawo su sake aunawa da kiran la'asar.

Allah Ya jiƙan Malam Muhammadu al-Kashnawi.